Yadda Bature Ya Koya wa Fulogi Ladabi

A Gozaki, a shekarun da a-kori-kura ɗaya ce tak take shiga garin ta fita, an yi wani bawan Allah mai suna Bature wanda ya tafi Kaduna cin rani ya dawo injiniya. Wata huɗu ya yi. Wasu sukan shekara bakwai suna kwanciya a ƙarƙashin mota kafin a yarda su kwance noti su kaɗai, amma su ai ba Bature ba ne. Shi ya dawo da baƙin tabarau, da rigar kanikawa ta gwanjo wadda wani ya riga ya ɗauke masa wahalar ɓata ta da baƙin mai, da sifana guda ɗaya da yake sokewa a aljihun gaba yadda malaman makaranta suke soke biro. In aka tambaye shi inda ya yi aiki sai ya gyara tabarau ya ce, "Garejin Oga Okwudili, Kakuri. Kullum ina wurin tun safe har a tashi."

Babban abin da ya ɗauko daga Kaduna shi ne kalmomi. Da yamma in an zauna a gindin ɗorawar bakin kasuwa, sai ka ji yana zubo su: koyil, kwantak, rota, taimin, distiributa. Ba wanda ya san su balle ya musa masa. Keken liman ya yi faci, Bature ya duba ya ce taimin ne. Rediyon mai unguwa ta daina magana, ya ce koyil ɗinta ya ƙone, aka bar ta wata guda a rataye kafin wani ya gano batir ne ya ƙare. Ya kan ce ba banza aka raɗa masa suna Bature ba, duk abin da Turawa suka ƙera da shi jininsu ɗaya.

Duk wannan cika baki kuwa don mutum ɗaya ake yin sa. Shafa'atu ce, wata bazawara da ta gāji lambu a fadama daga mahaifinta, take kuma noma tumatir da kanta ba tare da ta jira wani ya ce mata sannu ba. Mijinta na fari mutum ne mai daɗin magana wanda bai taɓa riƙe fartanya ta yi masa kanta ba. Don haka ta faɗa wa baffanta Alhaji Maharazu, wanda shi ne waliyyinta, cewa ta auri baki sau ɗaya ya ishe ta, yanzu hannu take nema. Bature ya ji wannan magana ya ce ai da shi ake. Ya yi zarya ƙofar gidansu har takalminsa ya siɗe, ita kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwar Funtuwa ce. Tun da hantsi bai fito ba aka loda kwando talatin na tumatir ɗin Shafa'atu a a-kori-kurar Alhaji Maharazu, tsinkar ƙarshe, jajur, wahalar rani guda cur. Manyan motocin 'yan kudu da ke sayensa da an yi azahar suke ɗaure kaya su kama hanya, kuma tumatir da ya nuna haka ba ya kwana yana jiran wata kasuwa. Buba direba ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Mota ta yi gur-gur-gur, ta yi shiru. Ya sake. Ta sake yin gur-gur-gur, ta ƙi kamawa.

"Alhaji," in ji Buba, "a tura Ummaru mai babur Malumfashi ya ɗauko Tajudeen bakanike. Shi ya san motar nan."

Alhaji Maharazu ya buɗe baki zai amsa ke nan sai ga Bature ya ratso taro, tabarau a ido, sifana a aljihu, yana tafiya a hankali don kowa ya samu damar ganinsa.

"Tajudeen?" ya ce. "A bar ni a gari a tafi Malumfashi neman bakanike? Alhaji, wannan ai cin fuska ne. Kafin Ummaru ya tada babur ɗinsa na tada motar nan."

Shafa'atu tana tsaye gefen kwandunanta, ta gyara mayafi, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Malam Bature, ka ga kayan nan? Ranina ne gaba ɗaya. In ka tada motar nan tumatir ɗina ya isa Funtuwa kafin azahar, ka turo magabatanka wurin Baffa. Ga mutane nan shaida."

Daɗi ya kama Bature har ya ji ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya naɗe hannun riga ya ce a buɗe masa bonet. Da kansa ya so buɗewa, amma ya lalubi gaban motar sau biyu bai ga inda ake ja ba, sai ya ce babban bakanike ba ya buɗe bonet da hannunsa. Buba ya buɗe.

"Jiya da yamma na wanke ta a rafi," in ji Buba, "har inji na watsa wa ruwa. Ko shi ne…"

"Wanka bai taɓa kashe kowa ba," Bature ya katse shi. "Kai dai tuƙi aka ce ka iya, tsaya a sitiyari."

Ya juya ga jama'a, don a lokacin rabin gari ya hallara. Ya nuna wani abu da sifana ya ce wannan shi ne koyil, uwar wuta. Ya nuna wani baƙin murfi mai wayoyi biyar a ka ya ce distiributa ke nan, mai rabon wuta. Waɗannan biyu ya dace, don Allah ba ya hana kowa rabonsa. Sannan ya nuna fanka da ke gaban inji ya ce, "Wannan kuma ita ce rota. Kun ga tana juyawa? Shi ya sa ake ce mata rota." Ya dafa wani abu a saman inji ya ce, "Nan kuma kafireto."

"A'uzu billahi," in ji Iya Sabuwa mai ƙosai, wadda ta matso da kaskonta kusa tun da ta ga kasuwa ta taso inda motar take. "Kahirin mi? Alhaji, ashe da shi kake yawo cikin mota? Yo shi ya sa bisimillar Buba ba ta kama ba."

Aka yi dariya. Bature bai yi ba. Ya ce jahilci ciwo ne, ya ce kuma aikin farko shi ne a gwada ko wuta na zuwa. Ya taɓa ganin ana yi: a zare wayar tsakiya, a kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, a buga sitata, a ga tartsatsi. Abin da bai lura da shi ba daga inda yake hangowa a Kaduna shi ne inda ake riƙe wayar. Ya zaro ta, ya damƙe bakinta tsirara da yatsu, ɗaya hannun kuma ya dafa inji don ya tsaya da kyau.

"Buba, ba ta!"

Buba ya ba ta. Abin da Bature ya faɗa a wannan lokaci ba Hausa ba ne, ba kuma Turanci ba ne. Ya yi tsalle da baya, hula ta yi gabas, sifana ta yi yamma, shi kuma ya sauka da mazaunai cikin kwandon da aka ajiye a ƙasa za a ɗaure a saman kaya. Ruwan tumatir ya fito ta kowace kafa ta kwandon.

Shafa'atu ta ce, "Saura ashirin da tara."

Ya miƙe, bayan riga jajur, ya ɗauki hula ya kaɗe. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Wuta na nan. Har ma ta yi yawa. Haka ake gwadawa a Kaduna, wanda bai iya ba da yanzu ya mutu."

"Wanda ya iya ma ya kusa," in ji Iya Sabuwa.

Ya mayar da wayar da bakin riga, ya ɓalle murfin distiributa ya leƙa. Cikin murfin duk ɗigon ruwa ne. Buba ya miƙo wuya ya ce, "Ka ga ruwan da na ce?" Bature ya ce wannan ba ruwa ba ne, gumi ne, kuma injin da ke gumi lafiyayye ne. Ya kife murfin a rana, ya shiga yi wa jama'a bayanin yadda wuta ke tashi daga batir ta bi ta koyil ta gaida kwantak ta wuce, da yadda wani Bature na gaske ya taɓa roƙonsa ya bi shi Ingila ya ƙi saboda sanyi. Bayanin ya ɗauki lokacin da Iya Sabuwa ta soya kasko uku ta sayar. Rana ta yi sama, ta busar da murfin ƙarau ba tare da ta nemi a gode mata ba. Da a ce a nan ya mayar da murfin ya ce Buba ya buga, da yau wani labari ake bayarwa, da kuma an sha biki. Amma Bature ba mutumin da zai bari sa'a ta yi masa katsalandan a aiki ba ne.

Yana mayar da murfin sai idonsa ya faɗa kan wayoyi huɗun da ke tafiya wurin fulogai. Ya bi ta farko da yatsa, ta kai shi fulogi na ɗaya. Ya bi ta kusa da ita, sai ta tsallake na biyu ta tafi na uku. Ta gaba ta tafi na huɗu. Ta ƙarshe ita ce ta dawo wa na biyu. Ya miƙe tsaye a hankali, ya cire tabarau, ya tafa hannu.

"Inna lillahi! Alhaji, zo ka gani da idonka. Wa ya taɓa motar nan a baya?"

"Tajudeen," in ji Alhaji Maharazu.

"Na san za a rina. Duba nan. Fulogi huɗu ne, wa da ƙanne, uwa ɗaya uba ɗaya. An ba babba wuta, daidai. Sai aka tsallake mai bi masa aka ba na uku, aka ba auta, sannan aka waiwayo na biyu da abin da ya rage. Ɗaya, uku, huɗu, biyu! Alhaji, don Allah a wane gida ake miƙa wa auta akushi wansa na zaune yana kallo?"

Nan fa ya taɓa Alhaji a inda yake masa ƙaiƙayi. Alhaji Maharazu shi ne na biyu a gidansu, kuma har ya tsufa bai manta da cewa an yi wa ƙanensa aure kafin shi ba. Ya leƙa inji, ya girgiza kai.

"Ba a yi adalci ba," ya ce.

"Shi ya sa ta yi fushi," in ji Bature. "Shekara nawa na biyu yana haƙuri? Yau ya ce ya gaji. Yaran kanikawan nan na yanzu aiki suka koya, ba su koyi ladabi ba."

Buba ya ce, "Amma Alhaji, a haka muka je Zariya muka dawo shekaranjiya."

"Kai kuma auta ne a gidanku," in ji Alhaji, "dole ka ce haka."

Bature ya zare wayoyin duka, ya jera su bisa girma: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya ja da baya ya dubi aikinsa, wayoyi sun miƙe sambal ba mai hawa kan wata. Har wasu dattawa suka ce ko ba komai yanzu ya fi kyan gani. Don kada a tsaya jiran mai ya taso daga tanki, ya sa aka tsiyayo fetur a gwangwani, ya cire murfin kafireto ya tuttula a ciki, ya sunkuyar da fuska daidai bakin don ya ga yadda zai shige.

"Buba, ba ta!"

Motar ta yi tari sau biyu. A na uku salansa, wato bututun hayaƙi, ta saki wata ƙara da aka ji har fadama, a lokaci guda kuma kafireto ya yi aman wuta sama. Jakuna uku da aka ɗaure a gindin ɗorawa suka tsinke igiya. Kaji suka watse. Wani maharbi da ke cikin taron ya kwanta rub da ciki yana tambayar wa ya harba. Ɗaya daga cikin jakunan ya bi ta gefen motar ya ture kwanduna biyu da ke bakin ƙofar baya.

Da hayaƙi ya lafa sai ga Bature tsaye, gira babu, gemun da ya shekara yana tattali saboda Shafa'atu ya koma rabi, yana ƙauri.

"Kun ji?" ya ce. "Ta amsa. Na biyu ne ya karɓi haƙƙinsa, yake godiya."

"In godiya ce wannan," in ji Iya Sabuwa, "Allah ya raba mu da ranar da zai yi zagi. Ɗan nan, kana warin kan akuya."

Shafa'atu ta dubi kwandunan da suka kife. Ta duba tumatir ɗin da ke birgima cikin ƙasa, ta duba inuwar ɗorawa da ta fara tsukewa, ta taka a hankali zuwa inda Ummaru yake jingine da babur ɗinsa ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ummaru ya tura babur ya sha kwana kafin ya tada shi. Bature bai gani ba, hankalinsa na kan inji.

Aka buga sau biyar, sau biyar tana harbi, har mata suka fara kwashe 'ya'yansu. Bature ya ce wutar ce ta yi yawa kamar yadda ya faɗa tun farko, wani abu ne ya toshe mata hanya take taruwa ta fashe. Ya sake ɓalle murfin distiributa. A tsakiya ya ga wani ɗan baƙin abu kamar babban yatsa, da ɗan jan ƙarfe a bakinsa, zaune a kan sanda. Ya ja shi, ya fito salin alin.

"Ga munafukin," ya ce, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. "Toshi ne. Kamfani ke sawa don kada ƙura ta shiga a jirgin ruwa. In mota ta iso cire shi ake yi. Shekara da shekaru Tajudeen yana kallonsa bai san ko mene ne ba." Ya jefa wa Iya Sabuwa. "Ungo, Iya, ki toshe kwalbar man gyaɗarki, kada ki ce ban taɓa yi miki alheri ba."

Iya Sabuwa ta gwada, ya zauna a bakin kwalba daram. Ta ce wannan ne aikin farko da ya yi yau mai amfani.

Aka rufe, aka buga. Ba harbi, ba tari, ba komai, sai gur-gur-gur mai sanyi.

"Kun ji ta natsu?" in ji Bature. "Ciwon ya fita. Yanzu lallashi ya rage."

Aka yi ta lallashi har gur-gur ya koma gur, gur ya koma ƙyas, batir ya mutu murus. Bature ya ce ai dama an zo wurin da yake so, don motar da aka yi wa babban aiki ba a tada ta da makulli, turawa ake yi. Ya ce kuma shi zai zauna a sitiyari, saboda Buba bai san sabon tsarin ba. Buba ya sauko ba musu, ya koma gindin ɗorawa ya zauna, ya ce shi dai a shaida.

Majiya ƙarfin Gozaki suka dafa. Aka tura ta daga bakin kasuwa zuwa ƙofar masallaci, ba ta tashi ba. Aka juyo da ita zuwa makarantar firamare, ba ta tashi ba. Bature na ciki yana leƙo da kai yana cewa ba a sa ƙarfi, wai a Kaduna mutum biyu ke tura tirela. Daga ƙarshe ya ce a kai ta gangaren fadama, a nan za ta samu gudun da take so. Alhaji Maharazu ya fara cewa a dakata, amma an riga an saki.

Ta samu gudun kuwa. Bature ya taka abin da yake zaton birki ne, ashe kuloci ne, motar ta ƙara sakin jiki. Kwanduna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zaɓi inda zai fashe. Tumatir ya bi gangare yana tsere da mota, jama'a na biye suna salati, awaki na biye da jama'a suna kalaci. A ƙasan gangaren akwai wani kwalbati da laka a gefensa. A nan a-kori-kura ta sa ƙafar gaba ta tsaya, ta karkata, ta sauke sauran kayan a gefe guda.

Daidai lokacin ladan ya kira azahar.

Bature ya fito ta taga, don ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya hango Shafa'atu tana saukowa gangaren a hankali, tana tsallake tumatir ɗinta. Tsoro ya kama shi sosai, kunya kuma ta fi tsoron.

Bayan an idar da salla sai ga ƙarar babur. Ummaru ne, da Tajudeen a bayansa rungume da jakar kayan aiki da batir na ko-ta-kwana. Tajudeen Bayarabe ne haifaffen Malumfashi, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari, ga shi da sanyin magana. Ya gaida Alhaji, ya jajanta wa Shafa'atu, ya sa aka ciccibo motar daga laka. Ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon wayoyin nan da suka miƙe sambal. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan kitso?" ya tambaya.

Bature ya ga ba wurin gudu, sai ya mayar da tabarau ya matso. "Ni ne. Na tarar ka hargitsa su. Ka ba ƙane kafin wa."

"Allah sarki," in ji Tajudeen. "Malam, ai inji ba gidan suna ba ne da za a bi girma wurin rabon tuwo. Kowane fulogi ana ba shi wuta ne lokacin da ɗakinsa ya cika da mai ya matse. A wannan injin na ɗaya ke fara shiryawa, sai na uku, sai na huɗu, sai na biyu. In ka ba wanda bai shirya ba, wutar ta fito ta salansa, ko ta kafireto." Ya dubi girar Bature. "Amma na ga an riga an yi maka bayani."

Alhaji Maharazu ya yi gyaran murya ya shiga duban wani wuri daban.

Tajudeen ya mayar da wayoyin yadda suke, ya ɓalle murfin distiributa, ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Ina rota?"

"Ga ta nan lafiya lau," in ji Bature da sauri, ya nuna fanka. "Ban taɓa ta ba."

"Wannan fanka ce, Malam. Rota wani ɗan baƙin abu ne kamar babban yatsa, da jan ƙarfe a baki. Ita ke juyawa tana miƙa wa kowace waya wuta. In babu ita, ko garin nan duka ya tura motar har Legas ba za ta tashi ba."

Masu turin mota, waɗanda har yanzu gumi bai bushe musu ba, suka juyo suna duban Bature ɗaya bayan ɗaya. Daga can baya Iya Sabuwa ta ɗaga kwalbar man gyaɗa sama.

"Halan wannan ce? Injiniya ya ce toshi ne na jirgin ruwa."

Tajudeen ya karɓa, ya goge man da tsumma, ya zaunar da ita a mazauninta, ya rufe, ya haɗa batir ɗin da ya zo da shi. Buba ya murɗa makulli sau ɗaya. Mota ta tashi, tana kaɗawa lafiya lau kamar ba ita ba.

"To mene ne ciwonta tun farko?" Alhaji ya tambaya.

Buba ya ba da labarin wankin rafi da ɗigon ruwa a murfi. Tajudeen ya ce, "Shi ke nan ciwon. Da an goge da busasshen tsumma, ko a bar ta a rana a je a sha koko a dawo, da tuni kuna Funtuwa."

"Kowane gari da tsarinsa," in ji Bature, don bakinsa bai san an gama yaƙi ba. "Mu a Kaduna, a garejin Oga Okwudili…"

"Na Kakuri?" Tajudeen ya juyo. "Ai can nake sayo kayan gyara duk wata." Ya matso, ya ƙura masa ido. "Don Allah ɗan cire tabarau." Bature bai cire ba, Ummaru ya cire masa. Tajudeen ya tafa hannu da murna ta gaskiya. "Wallahi na san ka! Rashin girar ne ya ɓatar da ni. Kai ne mai rake a bakin ƙofa! Alhaji, mutumin kirki ne, kullum yana wurin tun safe har a tashi. Rakensa kuwa akwai zaƙi, ga iya fere. Wuƙa a hannunsa sai ka tsaya kallo."

Dariyar da aka yi a fadamar nan, waɗanda suka ji harbin salansa sun ce ta fi shi ƙara. Iya Sabuwa sai da aka riƙe ta. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiransa Bature, sai Rota, har yara da ba a haifa ba a lokacin da shi suka san shi.

Shafa'atu kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Motocin 'yan kudu sun yi nisa, abin da bai fashe ba ya yi laushi a rana, kuma ba sauran abin yi da shi sai a yanyanka a shanya ya zama kauɗa, a sayar da damina a kan abin da ya samu. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ita ba mai kuka a gaban mutane ba ce. Ta sa aka tattaro abin da zai tattaru, aka shimfiɗa tabarmi a bakin lambu, ta kwance wuƙa daga bakin zanenta ta miƙa wa Bature.

"An ce ka iya wuƙa. Zauna. Ka yanka, ka jera su bisa girma, ɗaya, biyu, uku, huɗu. A nan ba wanda zai harbe ka."

Ya zauna. Ya yi ta yanka har la'asar ta yi sanyi, kuma a gaskiya yankan ya yi kyau, kowane ɓari daidai da ɗan'uwansa. Da ya ga ta tsaya a kansa tana duba aikin ba ta kushe ba, sai wani ɗan guntun fata ya motsa a zuciyarsa. Ya ɗago kai, ba gira, rabin gemu, ya yi ƙasa da murya.

"Shafa'atu, to maganar magabatan nawa fa? Ko in dakatar da su?"

Ta dubi tulin tumatir ɗin da ya rage, wanda ya kai ƙugun mutum.

"A'a, ka turo su gobe da sassafe," ta ce. "Kowa ya zo da wuƙarsa."